Gwanzu: Birnin da Ba a Cewa "Babu Canji"

Birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu suke kira Gwanzu, yana kudancin ƙasar Sin. Ƙidayar da aka yi a 2020 ta nuna mazaunansa sun haura miliyan 18. Duk wayewar gari wannan taron jama'a yana karya kumallo a bakin titi, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi cefane, ya biya mai aski da mai gyaran takalmi. Amma sai ka gaji da yawo kafin ka ga wani ya miƙa wa wani takardar kuɗi. Ba ka jin mai shago ya ce babu canji. Ba ka ganin yaron kanti ya ruga maƙwabta neman 'yan ƙanana. Na ga benaye masu tsawon da sai ka riƙe hularka, na ga gadoji bisa gadoji, amma babu abin da ya zauna mini a rai kamar yadda kuɗi suke tafiya a garin nan ba tare da an gan su ba.

A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi sauka, akwai wata dattijuwa da take sayar da ayaba da lemo a kan keke mai ƙafa uku. Ba ta da akwatin kuɗi, ba ta ɗaure lalita a ƙugu. A jikin keken an rataya 'yan kwalaye biyu da aka lulluɓe da leda, ɗaya kore ɗaya shuɗi. A tsakiyar kowanne akwai wani zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, kamar hatimin da malamai suke zanawa a allo. Shi ne lambar QR. Koren na manhajar biyan kuɗi ta WeChat Pay ne, shuɗin na Alipay.

Na tsaya ina kallon cinikinta. Mace ta zaɓi lemo, dattijuwa ta ɗora a sikeli ta faɗi kuɗin. Mai saye ta ɗaga waya, ta haska kwalin, ta rubuta adadin, ta danna. Kafin a gama ƙulle leda, wata 'yar ƙaramar lasifika da aka ɗaure a kan keken ta yi magana da muryar mace, ta faɗi kuɗin da suka shigo. Dattijuwar ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta riga ta koma kan mai saye na gaba. Ba ta ce a nuna mata rasit ba, ba ta ce a jira alat ba. Kunnenta ya ji, ciniki ya faɗa.

Haka abin yake ko'ina. A gidan abinci, lambar tana manne a kusurwar tebur: ka haska, jerin abinci ya fito a wayarka da hotuna, ka zaɓa ka biya, sai kawai ka ga an kawo. Kekunan haya suna jere a bakin titi, rawaya da shuɗi. Ka haska lambar da ke jiki, makulli ya buɗe, ka hau, inda ka sauka a cire kuɗin mintocin da ka yi. A ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda kuɗin shiga yake farawa daga yuan 2, waya ake ɗorawa ƙofa ta buɗe. A manyan kantuna kai ne za ka nuna taka lambar, mai kanti ya haska. Wannan lambar tana sauyawa duk bayan minti ɗaya don kada wani ya ɗauki hotonta ya yi amfani da ita, kuma idan kuɗin bai kai yuan 1,000 ba galibi ba a tambayar lambar sirri. Na ga kantin da fuska kawai ake nuna wa na'ura a cire kuɗi. Har mai goge a mashigar tasha, lambar ce ajiye a gabansa maimakon ƙoƙo.

Ba yau suka fara ba baƙi mamaki ba

Mutanen Sin sun daɗe suna sa baƙo ya riƙe baki a kan sha'anin kuɗi. A lardin Sichuan, zamanin daular Song, da kwabban ƙarfe ake ciniki, masu nauyin da sai an ɗauko ɗan dako kafin a sayi abin kirki. Sai attajiran birnin Chengdu suka fara karɓar ajiyar ƙarfen suna ba da takardar shaida, takardar ta shiga yawo hannu zuwa hannu. A 1024 hukuma ta fara buga ta da kanta. Daga nan kuɗin takarda suka samo asali a duniya.

Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko wanda ya ratsa Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya ba da labarin ƙasar Sin da wannan birni na Gwanzu kansa. Cikin abubuwan da ya lissafa akwai yadda mutane ba sa ciniki da dinari ko dirhami, sai da wasu takardu masu faɗin tafin hannu ɗauke da hatimin sarki, kuma in ta tsufa a kai ta ofishin hukuma a musanya da sabuwa. Shi ya zo daga duniyar zinariya ya tarar da takarda. Mu mun zo daga duniyar takarda mun tarar ta zama tsohon yayi.

Yadda aka zo nan kuwa yana da ban sha'awa, domin daga matsalar amana aka faro. Lokacin da kamfanin Alibaba na birnin Hangzhou ya buɗe kasuwar intanet ta Taobao, mai saye yana tsoron ya tura kuɗi kaya su ƙi zuwa, mai sayarwa yana tsoron ya tura kaya kuɗi su ƙi zuwa. Alipay, da aka kafa a 2004, ya shiga tsakani: kuɗin mai saye su zauna a hannunsa, sai kaya sun isa an ce an gamsu, sannan a sakar wa mai kaya. Shi kuwa WeChat, na kamfanin Tencent da ke Shenzhen, manhajar hira ce da ta fito a 2011, aka ƙara mata hanyar biyan kuɗi a 2013. Abin da ya shigar da ita gida-gida al'ada ce. A bikin sabuwar shekararsu, manya suna ba yara kuɗi a cikin jan ambulan. A 2014 WeChat ta mayar da jan ambulan cikin waya, dangi suka shiga aika wa juna, kowa ya haɗa asusun bankinsa don ya karɓa ya kuma aika. Ita lambar QR ɗin ma ba su suka ƙirƙiro ta ba. Wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya fito da ita a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota. Amfanin da Sinawa suka gano a cikinta shi ne arha: mai ayaba ba ta buƙatar sayen na'urar POS, kwali ɗaya da aka buga mata ya wadatar. Karɓar kuɗi ta lambarta kyauta ne, in za ta kwashe zuwa banki abin da ake cira kashi 0.1 ne cikin ɗari.

Yadda baƙo yake shiga

Baƙo ko da ido makaho ne, in ji Hausawa, a Gwanzu kuwa baƙo ko da dala a aljihu yana iya rasa abin sayen ruwa. Naira da sefa ba su da kasuwa a bankunan garin. Katin Visa ko Mastercard, wanda yake aiki a Dubai ko Landan, a nan sai a manyan otal da manyan kantuna, domin katinsu na gida UnionPay ne, shi ma waya ta rage masa aiki. Shekaru da yawa baƙo ba ya iya buɗe Alipay ko WeChat Pay sai yana da asusun banki na ƙasar, shi ya sa alhazanmu suka daɗe suna yawo da damin jajayen takardun yuan 100, ko su ba tafinta tsaba shi ya riƙa biya musu da wayarsa.

A watan Yulin 2023 abin ya sauya. Manhajojin biyu suka buɗe wa baƙi ƙofa su ɗaura katunan ƙasashen waje. A watan Maris na 2024 babban bankin ƙasar ya ɗaga iyakar abin da baƙo zai biya a lokaci guda daga dala 1,000 zuwa 5,000, na shekara kuma daga 10,000 zuwa 50,000. Ƙa'idar caji mai sauƙin riƙewa ce: sayayyar da ba ta wuce yuan 200 ba babu caji, wadda ta wuce ana ɗora kashi 3 cikin ɗari. Katin waje kuma na sayayya ne kawai, ba a tura wa mutum kuɗi da shi, kuma akwai lambobin ƙananan masu talla da ba sa karɓarsa.

Wanda ya warware mini waɗannan abubuwa wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da yake karatu a garin, yana kuma yi wa 'yan kasuwa tafinta. Muna zaune a wani shagon taliyar Lanzhou na Musulmi 'yan ƙabilar Hui, wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da muka zo a jirgi ɗaya ta Adis Ababa yana ta fama da wayarsa. Ya saka katin, manhaja ta ce an tura lambar tabbatarwa, lamba kuwa ba ta zo ba.

"Baba Alhaji, ina layinka na gida?" in ji yaron.

"Na bar wa uwargida, ɗana. Na ce me zan yi da shi a nan?"

"Ai can bankinka ya tura lambar, Baba. Bari mu kira Hajiya ta karanto mana."

Da aka tashi kiran sai WhatsApp ya ƙi buɗewa, domin shi da Google da Facebook ba sa aiki a intanet ɗin cikin ƙasar. Da wayar ɗalibin aka kira Kano. Tsakanin Gwanzu da gida akwai tazarar awa bakwai, a can ko asuba ba ta yi ba. Hajiya ta tashi ta karanto lambar, katin ya ɗauru, Alhaji ya haska lambar tebur ya biya mana taliyar da kansa, yana murmushi yana cewa Allah mai iko.

Daga wannan zama na riƙe abin da nake gaya wa duk mai shirin tafiya. A sauke manhajojin biyu tun a gida, a ɗaura kati, a ɗora hoton fasfo, a gwada. A je banki a tambayi iyakar katin a ƙasar waje, domin katin naira ya sha rufewa da buɗewa a 'yan shekarun nan, katin asusun dala ya fi tabbas. A taho da layin gida a buɗe masa aiki a waje, shi ne zai kawo lambobin banki, kuma datarsa tana buɗe manhajojin da aka saba da su. Kati biyu na bankuna daban-daban sun fi ɗaya, kowanne a jaka daban. Sannan a riƙe pawa banki. Akwai akwatunan hayarsa a kusan kowane shago, amma da waya ake haskawa a ɗauka, wanda cajinsa ya riga ya mutu ba shi da hanyar haya.

Tsabar kuɗi ma tana da nata tsari. Najeriya tana buƙatar matafiyi ya bayyana wa kwastam abin da ya haura dala 10,000. A shiga Sin kuwa, abin da ya haura dala 5,000 ake bayyanawa, yuan kuma ba a shiga ko fita da fiye da 20,000. Wanda ya bayyana ya karɓi takarda ya huta ranar komowa. Dala a zo da sababbi marasa rubutu ko yagewa. A banki ake canji, da fasfo, kuma a adana rasit domin shi ake nema in za a mayar da ragowar yuan. Idan na'urar ATM ta tambaya ko a lissafa maka da kuɗin katinka ko da yuan, ka zaɓi yuan, farashin da na'urar take yankawa da kanta ya fi tsada. Otal yakan riƙe kuɗin ajiya ranar sauka, a mayar ranar tafiya, a sa shi cikin lissafi. Ba a ba ma'aikacin gidan abinci ko direba tukuici, in ka bari a tebur sai a biyo ka da shi.

Takardar da na daɗe ina juyawa

Da na canji kuɗi na zauna na duba takardun da kyau. Mafi girma ita ce yuan 100, ja, da hoton Mao Zedong. Sai 50, 20, 10, 5 da 1, kowacce da launinta, a bayanta hoton wani wuri na ƙasar. A saman bayan takardar an rubuta sunan babban banki da harsuna da dama: na Mongol, na Tibet, na Zhuang, da na Uighur. Na Uighur ɗin da baƙaƙen Larabci aka rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Ban iya karanta ma'anar ba, amma na gane baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tashi yana ganin ajami a jikin naira zai fahimci abin da na ji da na tarar da irinsa a kuɗin ƙasar da take ƙarshen gabas.

Ranar Juma'a muka tafi masallacin Xianxian, inda akwai kabarin da Musulmin garin suke dangantawa da Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Garin yana da tsohuwar alaƙa da Musulunci, masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya yana cikin mafi tsufa a ƙasar. A sahu ɗaya ga Bahui da farar hula, ga Balarabe, ga ɗan Pakistan, ga Bamale, ga Bahaushe. Bayan sallama na nufi akwatin taimakon masallaci, sai na ga lambar QR manne a jikinsa, mutane suna haskawa suna wucewa, babu wanda ya san abin da wani ya bayar. A waje masu tsiren rago da gurasa sun kafa layi, hayaƙi ya turnuƙe, ko'ina lasifikoki suna faɗin kuɗin da suka shigo. Mai tsire hannunsa ɗaya kan wuta ɗaya kan yaji, bai taɓa kuɗi ba balle ya taɓa nama da hannun da ya karɓi canji.

Inda manyan kuɗi suke

Duk wannan sauƙi na kashe-kashen yau da kullum ne. Wanda ya zo sari, labarinsa daban. A kasuwar yadi ta Zhongda, ko a shagunan Sanyuanli, ko a baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kalkuleta ce harshen ciniki. Mai kaya ya buga farashi ya juyo maka da ita, ka goge ka buga tayinka ka mayar. Haka za ta yi ta kai da komo har a daidaita. Suna ƙirga ɗaya zuwa goma da hannu guda: babban yatsa da ƙaramin yatsa a miƙe shida ke nan, babban yatsa da manuni takwas, manuni a lanƙwashe tara. Wanda bai sani ba zai ga yatsu biyu ya ɗauka biyu ake nufi. Manyan kuɗi kuma da dubu goma-goma suke lissafa su, shi ya sa ake so kowane adadi a rubuta shi da sifirinsa cikakke, a kuma rubuta ko yuan ne ko dala, ko kuɗin ya haɗa da kai kaya tashar jirgin ruwa.

Al'adar masana'antu ita ce a ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin ɗari, ragowar 70 a cika in an gama aiki kafin a loda kwantena. A nan ne tambaya take tasowa: ta wace hanya kuɗin za su iso daga Kano ko Maraɗi? Akwai hanyar banki, mai takardu da jira. Akwai yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuan biliyan 15 da Najeriya da Sin suka ƙulla a 2018, aka sabunta a ƙarshen 2024, don ɗan kasuwa ya biya da yuan ba sai ya bi ta dala ba. Sannan akwai hanyar da kowa ya sani: ka ba ɗan canji naira a gida, abokin hulɗarsa ya tura wa mai kayanka yuan a can cikin awa guda.

Wani dattijo da ya daɗe yana wannan hanya ya ja ni gefe a wani ofishin masu loda kaya. Ya ce, "Malam, saurin nan yana da daɗi, amma ka san daga asusun wa yuan ɗin za su fito?" Ya ba ni labarin wata mai masana'anta da suka yi shekaru suna hulɗa. An tura mata kuɗinsa ta hannun wani ɗan tsakiya, ashe asusun da kuɗin suka fito ya taɓa karɓar kuɗin damfara. 'Yan sanda suka bi sawu, suka daskarar da asusunta gaba ɗaya, har da kuɗin albashin ma'aikatanta. Kayansa suka kwana a sito watanni. Wannan ba sabon abu ba ne a can. 'Yan kasuwar birnin Yiwu da yawa sun gamu da rufe asusu irin wannan a wajajen 2020 da 2021, shi ya sa yanzu masu kaya da dama suke tambayar ta ina kuɗi za su zo kafin su karɓa. Canjin kuɗi a bayan fage laifi ne a dokar ƙasar.

"Tun daga ranar," in ji dattijon, "sunan da ke kan takardar ciniki, shi nake so in gani a kan asusun da zan biya. In aka ce mini an sauya asusu, sai na kira mai kaya na ji muryarsa. Kuma ba na cika kuɗi sai an buɗe kwali a gabana ko gaban wakilina."

Maganarsa ta nuna mini ɗaya fuskar abin da na gani a keken mai ayaba. Dattijuwar ba ta duba rasit saboda kowane asusu a ƙasar yana ɗaure da sunan mutum na gaskiya da katin shaidarsa, layin waya ma haka. Kowane yuan yana barin sawu. Wannan sawun shi ya kori ɗan sane daga kasuwa, ya kashe kasuwar jabun kuɗi, shi ne kuma yake sa a san inda ka ci abinci, da motar da ka hau, da wanda ka biya, da ƙarfe nawa. Sinawan da na zanta da su sun karɓi wannan a matsayin farashin kwanciyar hankali. Baƙo dai ya kamata ya shiga da saninsa, ya kuma tsare hannunsa daga kuɗin da bai san asalinsu ba.

Abin da ya fi waya muhimmanci

Wani abu da ban zata ba shi ne, a ƙasar da kusan kowa ya bar tsaba, doka tana tsaye a bayan tsaba. Tun 2018 babban bankin ƙasar ya fitar da sanarwa cewa ƙin karɓar takardar yuan saɓa doka ne, kuma yana cin tarar kamfanoni da shagunan da aka kama, ya bayyana sunayensu. A 2020 majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da tsari na musamman saboda tsofaffin da waya take ba wahala, aka ce asibiti da tasha da kanti su bar musu hanyar biya ta hannu. A 2024 bankuna suka shiga raba wa direbobin tasi da masu shaguna 'yan jakunkuna na ƙananan takardu don su samu canjin ba baƙi da tsofaffi. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na ga wani tsoho ya saka takarda a na'ura, ta ba shi ɗan kwabon roba na shiga, ma'aikaciya tana tsaye kusa da shi har ya wuce ƙofa.

A nan tunanina ya dawo gida, domin alaƙar a fili take. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu na kamfanin Transsion ne na Shenzhen, tafiyar kusan rabin awa daga Gwanzu a jirgin ƙasa mai gudu. OPay da PalmPay, da mai shayi da mai kayan miya suke karɓar transfa da su yau, da jarin Sinawa suka tashi. Mu ma mun kama hanya. Amma kowa yana tuna farkon 2023, lokacin sauyin fasalin naira, yadda takarda ta ɓace daga hannun jama'a alhali transfa tana maƙalewa, mutane suka kwana a layin ATM, manomi ya karyar da amfanin gonarsa ga duk mai tsaba, mai jinya ya rasa abin sayen magani da kuɗinsa a asusu.

Sinawa ba su ƙwace takarda daga hannun kowa ba. Sun kai wuta da netwok har ƙarƙashin ƙasa da ƙauyuka, sun sa kuɗi su isa nan take, sun rage caji har mai cinikin yuan 3 ba ta jin zafinsa, sun sa wanda aka zalunta ya san inda zai kai kuka. Da hanyar ta yi kyau mutane suka bi ta da ƙafarsu, wanda ya kasa kuma aka bar masa tsohuwar. Abin da nake yi wa ƙasashenmu fata ke nan. Ma'aunin ba yawan manhajoji ba ne, ba kuma yawan na'urorin POS a bakin titi ba. Ma'aunin shi ne mai ƙosai a Fagge ko mai fura a Tawa ta sallami mai saye hankalinta kwance, ta san kuɗinta sun shigo kuma ba a yanke mata ribar ba, sannan kakarta da ba ta riƙe waya ta miƙa takarda a karɓa da mutunci.

Kafin mu kai can, mai niyyar Gwanzu ya yi wa kansa tanadi tun daga gida: manhaja a ɗaure an gwada ta, kati biyu, layin gida a cikin waya, 'yan ƙananan takardun yuan a aljihu saboda ranar da na'ura za ta ƙi. Kuɗin sari kuwa ya bi da su ta hanyar da zai iya nuna takardarta a gaban kowace hukuma, ko da za ta ɗauke shi kwanaki. Jarin da aka tara shekara da shekaru a kasuwa ya fi ƙarfin a miƙa shi ga asusun da ba a san mai shi ba.